Kafin Ka Sayi Sabuwar Sensa, Duba Abin Da Motar Ta Ci

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashin bijimai da kuɗin fito, mu juya kan wata dabbar da ba ta cin ciyawa, amma in ta kwanta to duk cinikin ranar ya kwanta. Muna nufin 'yar motar nan ta Toyota Hiace, wadda 'yan'uwanmu na Sudan ke kira hayis. Ba ta ɗaukar shanu, wannan aikin manyan motoci ne. Abin da take ɗauka shi ne mu kanmu, da jakar kuɗi, da gishirin dabbobi, da magani, da guzurin makiyayan da ke jira a daji. Kowa ya san kasuwar shanu ba ta jiran wanda ke kwance a ƙarƙashin mota.

Ga waɗanda ba su taɓa ƙetarawa gabas ba, Mai Wurno gari ne a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu kaɗan da Sinnar. Sunan ya samo asali ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda ya rasu a yaƙin Burmi a 1903. Shi ya ja ragowar masu hijira har suka kafa garin wajen 1906. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa da Fulani sun bazu cikin ƙauyuka daga Wad Madani har Damazin da Rusairis. Jikokinsu ne yau ke bin titin da ya tashi daga Sinnar ya ratsa Mai Wurno da Sinja da Abu Hujar da Wad Nayil ya sauka Damazin, suna neman shanun Kenana da jajayen shanun Bararo, wasu har su dangana da iyakar Habasha.

To, a kan wannan titi ne abin ya same mu, wata shekara kafin yaƙi. Mu biyar muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar hayis mai shan fetur, ƙirar shekarun 1990, wadda ta sha hannu kafin ta iso gare mu. Da fari lafiya lau. Sai ta fara shan mai kamar raƙumin da ya kwana goma bai ga rijiya ba, salansa tana baƙin hayaƙi, ga wata 'yar fitila mai hoton inji ta kunnu a gaban direba ta ƙi mutuwa. Bakaniken farko ya leƙa ya ce sensar hayaƙi ce ta mutu. Muka saya. Bayan mako uku fitila ta dawo. Na biyu ya ce ai wadda muka sa jabu ce, muka sake saye. Ranar da za mu Damazin da kuɗin mutane a hannu, ga makiyaya sun riga sun koro shanu suna jiran a biya su, sai mota ta fara shaƙewa bayan mun wuce Sinja. Mai da muka auna zai kai mu ya ƙare a hanya. Mun shiga kasuwa bayan la'asar, dillalin da ya riƙe mana bijimai ya gaji ya sallama wa wani, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Washegari aka kai mu wurin wani dattijo a unguwar kanikawa, irin waɗanda a can ake ce wa usta. Bai taɓa sensa ba. Ya tada mota, ya bar ta tana silo, ya ɗora hannu a kan tiyon lagireto, ya zagaya ya sunkuya yana sauraro. Can ya ɗago ya dubi babbanmu.

"Alhaji, wa ya cire muku tamostat?"

"Wallahi usta, haka muka saye ta. An ce a ƙasar zafi cirewa ake yi."

"To kun bar jaki kuna dukan taiki. Zo ka saurari nan. Ka ji wannan tif-tif ɗin? Bakin salansa ne ya tsage. Sensarku lafiyarta ƙalau, ƙarya ake gaya mata, ita kuma tana kai wa ƙwaƙwalwa."

Abin da ya koya mana a wannan yini shi muke so mu shimfiɗa a nan, domin mun ga 'yan'uwa da yawa daga Kano har Gadarif suna zubar da kuɗi ta wannan ƙofa.

Da farko sai mu rarrabe. Hayis mai shan gas, wato jaz a bakin mutanen Sudan, mai inji 2L ko 3L ko 5L, ba ta da wannan sensa sam, maganarta daban ce. Mai kafireta ma galibi babu ruwanta. Muna magana ne kan mai fetur da ke fesa mai ta nozul, irin su inji 1RZ-E da 2RZ-E da 3RZ-FE. Har a cikinsu akwai waɗanda aka ƙera domin ƙasashen da ke sayar da fetur mai dalma a wancan zamani, suka fito daga kamfani babu sensar hayaƙi ko ɗaya. Saboda haka kafin wani ya karɓi kuɗinka, ka sa ya nuna maka ita da yatsa. Tana kama da fulogi, an ɗaura ta a jikin bututun salansa kusa da inji, da waya ɗaya zuwa huɗu a ƙeyarta.

Mene ne aikinta? Inji yana so a ba shi iska awo 14.7 a kan fetur awo ɗaya, in an auna da nauyi. A motar kafireta bakanike ne ke daidaita wannan da sukudireba da kunne. A motar nozul kuwa wata 'yar kwamfuta ce, wadda kanikawanmu ke kira ƙwaƙwalwa. Ita ba ta gani, ba ta ji, sai abin da 'yan rahotonta suka kawo mata: ɗaya yana auna iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwan inji, ɗaya yadda direba ya taka totur, ɗaya kuma yana zaune a salansa yana shinshina hayaƙi ya ga ko oksijin ya yi saura. Wannan na ƙarshen shi ne sensar hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. In mai ya yi kaɗan takan ba da wuta wajen bolt 0.1, in ya yi yawa wajen bolt 0.9, ƙwaƙwalwa kuma ta dinga ƙarawa tana ragewa ba hutawa. Kamar makiyayi ne da ke duba kashin saniya ya gane abin da ta ci. In ya ce maka ta ci dafi, ba shi ya ba ta ba.

Ga wani abu da zai tsare maka aljihu. Sensar nan ba ta fara aiki sai ta yi zafi, wajen digiri 300 ko fiye. Da sanyin safiya ƙwaƙwalwa ba ta sauraronta, haka kuma in direba ya take totur har ƙasa. Ke nan in motarka ta ƙi tashi da asuba, ko ta kasa hawa tudu da kaya, kada ka yarda a ɗora wa sensa. Alamominta su ne shan mai, warin ɗanyen fetur a salansa, silo mai hawa da sauka bayan inji ya yi zafi, da fulogi masu baƙin kunkunniya. Matsalar ita ce waɗannan alamomi huɗu akwai abubuwa biyar ko shida da ke kawo su, kuma kusan duka sun fi sensa araha.

Abin mamaki, tsohuwar Toyota tana faɗin ciwonta da bakinta, ba sai da na'ura ba. Akwai wani ɗan akwati, baƙi ko ruwan toka, da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa, a bayan murfin kuma an zana sunan kowane rami. Kashe mota, ka sami guntuwar waya ka haɗa ramin TE1 da na E1, ka murɗa makulli fitilu su kawo amma kada ka tada inji. Fitilar nan mai hoton inji za ta fara ƙyaftawa. In ta dinga yi daidai wa daida ba tsayawa, to ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wani laifi ba. In kuwa ta ƙyafta biyu, ta ɗan tsaya daƙiƙa ɗaya da rabi, ta ƙyafta ɗaya, wannan lamba 21 ke nan, layin sensar hayaƙi. Lamba 22 ta sensar zafin ruwa ce, 24 zafin iska, 25 mai ya yi kaɗan, 26 mai ya yi yawa, 31 ma'aunin iskar da ke shiga, 41 ta totur. Ka lura da ramukan da kyau, haɗa waya inda bai dace ba yana iya ƙona fiyus ko abin da ya fi fiyus tsada. Motocin baya-bayan nan kuwa suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da Amurka ta wajabta tun 1996, su sai an jona na'urar karatu, ita ce za ta nuna lamba irin P0171 in mai ya yi kaɗan ko P0172 in ya yi yawa.

Amma fa lamba ba hukunci ba ce. Lamba 25 da 26 ba su ce sensa ta mutu ba, cewa suka yi sensa ta kawo ƙara. Ko 21 ɗin ma sau da yawa waya ce ta goga da salansa ta narke, ko soket ya cika da laka. Duk wanda ya bi baƙar ƙasar Jazira da damina ya san yadda take manne wa ƙarƙashin mota kamar danƙo, in ta bushe kuma ta tsage ta ja waya.

Mu a ganinmu a fara da iska. Guguwar ƙurar nan da ake kira habub, da ƙurar da garke ke tayarwa a bakin kasuwa, duk a matatar iska suke sauka. Matata in ta toshe inji ba ya numfashi. In kuma yaron mota ya gaji da kakkaɓewa ya huda ta, ko ya cire gaba ɗaya, ƙura ta wuce ta ɓata ma'aunin iska ta kuma cinye zoben fistin. Daga nan sai a bi tiyoyin roba ɗaya bayan ɗaya, musamman babban nan mai lanƙwasa da ke tsakanin matata da inji. Injin hayis a ƙarƙashin kujerar gaba yake, zafi ba ya samun mafita, roba tana saurin bushewa ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. A lanƙwasa shi da hannu a duba.

Sai salansa, wadda ita ce ta ci mu. In akwai tsaga ko gaskit da ya ƙone tsakanin inji da inda sensa take, iskar waje na kutsawa cikin hayaƙi. Sensa ta ji oksijin ya yi yawa ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai, ta sake ƙarawa, alhali inji ya riga ya ƙoshi. Ka sa sabuwar sensa goma, duk abin da za su faɗa ke nan. Ana gane tsagar da ƙarar tif-tif in inji na da sanyi, da baƙin zane na kunkunniya a gefen wurin.

Maganar tamostat kuwa sai mun ɗan tsaya, don mun san za a yi mana gardama. Daga Maraɗi har Damazin al'ada ce, da mota ta iso daga waje sai a cire shi a jefar, wai ƙasarmu da zafi. A zamanin kafireta ɓarnar ba ta fito fili sosai. A motar nozul kuwa, tamostat shi ne ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90. In babu shi, da asubar hunturu ko a doguwar tafiyar dare ruwa ba ya kaiwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu inji bai farka ba, ta ci gaba da ba shi mai da yawa kamar an ja cok an manta. Motar da ke tafasa, a nemi dalili a lagireto da ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko murfi. Haka ita ma sensar zafin ruwa takan yi ƙarya in ta tsufa. Mai rewaya zai iya auna ta da mita: da sanyi, a digiri 20, tana ba da om 2,000 zuwa 3,000, in inji ya kai digiri 80 ta sauko wajen om 300. In ta tsaya a sama ba ta saukowa, ga ɓarawon manka nan.

Yanzu ga babbar magana, wato shi man kansa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023, hanyar mai ta rikice. Matatar Jaili da ke arewa da Hartum ta daina aiki, ta kuma yi mummunar gobara a Janairun 2025. Wad Madani ta fita daga hannun soja a Disambar 2023 sai a Janairun 2025 suka karɓe ta, Sinja ma ta shiga wannan hali daga Yuni zuwa Nuwamban 2024. A waɗannan watanni mai motar da ya samu fetur a jarka ko a durom godiya yake yi, ba ya tambayar asalinsa. Mu da ke yamma ma mun san 'yan bumburutu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kafireta takan haɗiye datti ta yi tari ta wuce. Nozul kuwa raminsa kamar kan allura yake, ɗan tsaki ya ishe shi.

Gwaji biyu ne ba sa cin ko sisi. Zuba man a farar kwalba ka ajiye ta minti kaɗan, in da ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Sannan ɗiga kaɗan a farar takarda ka bar ta a iska. Fetur tsantsa zai bushe ya ɓace, wanda aka haɗa da kananzir ko gas zai bar tabon maiƙo. In dole ta sa ka saya, to a tace da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari, kuma kada a juye jarka har gindinta. A riƙa tafiya da matatar mai sabuwa a cikin mota. Wani abin kuma da direbobinmu ke yi don tsimi, wato yawo da tanki kusan wayam, shi ke kashe famfon mai, domin famfon a cikin tanki yake kuma man ne ke sanyaya shi.

In ana zargin famfo, a irin wannan akwatin na DIAGNOSIS ana haɗa +B da FP, a murɗa makulli, a saurari kukansa a tanki. Kuka kaɗai bai isa ba, sai an sa ma'auni an ga ƙarfin turawarsa, wanda a yawancin waɗannan injuna yake wajen kilo 2.7 zuwa 3.1 a kan murabba'in santimita. Mota mai shaƙewa in an taka, ko mai ja da baya a tudu, nan ake fara nema. A ƙarshen bututun da nozul ke jere a kai akwai wata 'yar gwangwani mai daidaita ƙarfin mai, da siririn tiyo a kanta. Zare tiyon ka shinshina. In ka ga fetur a ciki, fatarta ta huje, inji yana zuƙar mai ta bayan gida. Su kuma nozul, ɗora bakin doguwar sukudireba a kan kowanne, ka kafa kunne a ƙotar, za ka ji yana ƙyas-ƙyas a jere. Wanda ya yi shiru, ko waya ko shi kansa. Da mita yawancinsu suna ba da om 12 zuwa 16, abin da ake so dai su yi kusa da juna. Nozul mai ɗiga bayan an kashe mota shi ke sa ta wahalar tashi in ta yi zafi, ya kuma tsinka baƙin mai. Ja sandar awo ka shinshina, in ka ji fetur kada ka ɗau hanya.

Don Allah, duk wanda zai kwance bututun mai ya tuna akwai ƙarfi a ciki ko mota a kashe take. A cire kan batir, a rufa tsumma a kwance a hankali, mai sigari ya yi nisa. Injin a cikin ɗakin fasinja yake.

Sai an gama duk wannan ne ake zuwa kan sensa. A bar inji ya yi zafi sosai, a riƙe totur wajen juyi 2,500, mai rewaya ya auna. Lafiyayya za ta dinga hawa da sauka, ƙa'idar Toyota ita ce sau takwas ko fiye cikin daƙiƙa goma. Wadda ta tsufa takan yi nauyin jiki, wadda ta mutu ta tsaya wuri ɗaya. In babu mita a kusa, zare soket ɗinta ka yi 'yar tafiya: in mota ta fi daɗi babu ita, akwai dalilin zarginta, ko zargin abin da ake shaƙa mata. In an kwance ta a dubi kanta. Baƙin kunkunniya yana nuna mai ya daɗe yana yawa. Fari kamar alli yakan zo daga gam ɗin silikon da ake shafawa a gaskit, ko ruwan lagireto da ke shiga inji. Toka mai kauri kuwa inji ne ke cin baƙin mai. Dalmar fetur ita ce ta fi kashe su a da, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma a farkon 2006, duniya kuma ta rufe babinsa a 2021 da Aljeriya ta sayar da na ƙarshe. Wanke sensa da fetur ko goge ta da burushin ƙarfe ba ya ta da matacciya. In za a saya, a je da tsohuwar a hannu a gwada yawan waya da bakin soket, don injunan baya suna da wata iri mai kama da ita a ido amma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Wasu kan ce to a cire ta mana a huta, tunda an riga an fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawan Kano ke kira indomi, an sayar. Mota za ta yi tafiya, gaskiya ne. Sai dai ƙwaƙwalwa za ta koma ba da mai da ƙiyasi, kuma takan karkata wajen yawa don kada inji ya ƙone. Mai bin hanyar da gidan mai ke nesa da juna shi zai biya bambancin, jarka bayan jarka.

Tamu motar, usta ya sa mai walda ya ɗinke bakin salansa, aka sa sabon gaskit, aka nemo tamostat, aka canja matatar mai da ta iska da fulogi huɗu. Ya zare fiyus ɗin da aka rubuta wa EFI ya ƙirga kamar rabin minti ya mayar, don ƙwaƙwalwa ta manta tsohon laifi. Duk abin da muka biya har da ladansa bai kai kuɗin sensa ɗaya ba. Da za mu tafi babbanmu ya ciro tsohuwar sensar farko daga aljihun mota, wadda aka ce ta mutu, ya ce a jefar. Usta ya karɓa ya ɗaura ta ya auna, allura ta dinga rawa yadda ake so.

"Ajiye abarka, Alhaji," in ji shi. "Yanzu kana da uku."

Mako na zagayowa muka koma Damazin, da man da a da ba ya kai mu Wad Nayil.